Abin da na koya wajen auna ra'ayin ma'aikatan jinya kan jariran da ba za su tashi ba

Ga wanda bai taɓa yi ba, auna ra'ayin ma'aikatan jinya aiki ne mai sauƙi: a rubuta jimloli, a raba takardu, kowa ya zaɓi "na yarda" ko "ban yarda ba", a tara maki, shi ke nan. Idan kuwa batun ya shafi jariri sabon haihuwa da aka tabbatar magani ba zai tashe shi ba, to takardar tana ɗauke da nauyin da ya fi ƙarfin lissafi. Zaman da na yi da wannan fanni a karatu ya sauya yadda nake karanta kowace lamba da ta fito daga ɗakin jarirai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa jarirai miliyan 2.3 ne suka rasu a cikin kwanaki 28 na farkon rayuwarsu a shekarar 2022. Da yawansu ana iya ceto su da a ce an samu kulawa a kan lokaci. Amma akwai waɗanda ko a asibitin da ya fi kowanne kayan aiki ba a da yadda za a yi da su: wanda aka haifa ƙwaƙwalwarsa ba ta cika ba, ko bakwainin da ya zo da wuri ƙwarai har huhunsa bai kai ga ɗaukar numfashi ba. Irin waɗannan ake yi wa kulawar sauƙaƙa raɗaɗi. Ba janye hannu ba ne. A rage masa ciwo, a ɗumama shi, a daina yawan huda shi da allura ba gaira ba dalili, a bar uwarsa ta rungume shi, a tsaya tare da iyayen har ƙarshe da bayan ƙarshe. Likita yakan zo zagaye ya wuce, nas ce ke kwana a gefen kwalbar. Don haka sanin abin da ke ranta ba ƙaramin abu ba ne.

Tun 1991 akwai ma'aunin Frommelt mai jimloli 30, wanda ke duba yadda ma'aikatan jinya ke kallon kula da mai jinyar ajali. Sai dai babba yana magana, yana faɗin inda ke masa ciwo da abin da yake so. Jariri ba ya faɗi, kuma iyayensa sun shigo asibiti ne da shirin murna. Wannan ya sa Victoria Kain da abokan aikinta a Ostireliya suka tsara ma'auni na musamman da ake kira NiPCAS, mai jimloli 26, suka wallafa shi a mujallar Pediatrics a 2009 bayan sun samu amsoshin ma'aikatan jinyar jarirai 645.

A nan na samu darasi mafi girma. Da aka tace amsoshin, sai suka rabu gida uku: tsarin wurin aiki, wadatar ma'aikata da kayan aiki, sannan su kansu masu kula da jaririn. Biyu daga cikin ukun nan ba su da alaƙa da taushin zuciyar nas ko taurinta. Abubuwan da suka fito a matsayin cikas su ne ƙarancin ma'aikata, ɗakin da bai dace da iyalin da ke bankwana da ɗansu ba, da matsin da ke zuwa daga samuwar injina da kuma roƙon iyaye a ci gaba da gwadawa. Ke nan takardar da aka ce tana auna ra'ayi, rabinta ɗakin take aunawa. Nas da ke riƙe da jarirai da yawa ita kaɗai cikin dare, idan ta ce ba ta samun lokacin zama da uwar da jaririnta ke barin duniya, gaskiyar jadawalin aiki ta faɗa. Mai binciken da ya rubuta cewa "ma'aikatan ba su da kyakkyawan ra'ayi" ya zalunce ta, kuma ya ba shugabannin asibiti hanyar zillewa: a shirya bita ta kwana ɗaya, a raba takardar shaida, ɗakin yana nan yadda yake. Wannan yana ci mini rai, domin na ga rahotanni da dama da suka ƙare a kan shawarar "a ƙara horo" alhali amsoshin da ke cikinsu kukan ƙarancin hannu suke yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma nas ɗin ta riga ta nuna wurin da yatsa.

Akwai wani abu da ya fi wannan zurfi. A 1984 Andrew Jameton ya bayyana irin ƙuncin da ma'aikacin jinya ke shiga idan ya san abin da ya dace amma tsarin wurin ya hana shi yi. A ɗakin jarirai wannan ƙunci fuska biyu gare shi. Wata nas tana ganin ana wahalar da jaririn da ba zai rayu ba da bututu da allurai, ba ta da bakin magana. Wata kuma, a wurin da injin numfashi bai wadata ba, tana jin an ce a koma ga sauƙaƙa raɗaɗi, amma ta san da a ce akwai kayan aiki da yaron nan ya tashi. Idan ta biyun ta zaɓi "ban yarda ba", makinta zai yi ƙasa, alhali ƙin yardarta daga kishin ran jaririn ya fito. Lamba ɗaya ba ta raba waɗannan mata biyu. Sai an zauna da su an saurara, shi ya sa yanzu ba na gamsuwa da binciken da ya tsaya ga takarda kaɗai ba tare da hira ba.

Ra'ayi kuma yana bin ilimi. Har cikin shekarun 1980 ana yi wa jarirai tiyata da ƙarancin maganin kashe ciwo, bisa zaton ba sa jin zafi kamar manya. Aikin Anand da Hickey na 1987 yana cikin waɗanda suka rusa wannan zato. Yau ma nas da ke tsoron ba jariri mofin, wato maganin kashe ciwo mai ƙarfi, don kada numfashinsa ya tsaya, sau da yawa ba ta samu ƙa'idar da aka rubuta mata adadi da lokaci ba ne. Tambayar da ta haɗa tsoro da rashin sani a jimla ɗaya ba za ta nuna wanne za a magance ba.

Sauran darussan na fasahar aiki ne, amma suna iya ɓata bincike gaba ɗaya. Idan shugabar sashe ce ke raba takardun tana kuma karɓa, amsar da za ta faranta mata za a samu. Cire suna bai isa ba: a ƙaramin sashe, shekarun haihuwa da shekarun aiki sun isa a gane mutum. Alƙaluman Cronbach, wato lissafin da ake duba daidaiton jimlolin ma'auni da shi, da kowane ɗalibi ke murna idan sun kai 0.7, suna nuna cewa jimlolin suna tafiya tare ne kawai, ba sa tabbatar da cewa abin da ake nufi aka auna. Sai waɗanda ba su amsa ba. A binciken Ostireliya kansa kusan rabin waɗanda aka aika wa takarda ne suka mayar, kuma kullum ina tambayar kaina ko waɗanda suka ajiye ta ba su ne abin ya fi sosa wa rai ba.

Wannan ya kai ni ga haƙƙin mai amsawa. Tambayar nas game da jariran da suka rasu a hannunta tono ciwo ne, ko da a takarda aka yi. Dole a bar ta ta tsallake tambayar da ba ta iya amsawa, a kuma nuna mata wanda za ta yi wa magana idan abin ya taso mata. Babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince a 2014 cewa sauƙaƙa raɗaɗi ɓangare ne na kula da lafiya a kowane matakin rayuwa, amma ƙuduri ba ya gina ɗakin keɓe ga iyaye, ba ya ƙara nas a aikin dare. Idan na tsara irin wannan bincike yanzu, nakan ware amsoshin da suka shafi yawan ma'aikata, wuri, magani da ƙa'idar aiki a shafi na daban, in kai wa masu yanke shawara a asibitin, sannan in koma sashen in karanta wa ma'aikatan sakamakon kafin a buga shi, su faɗa mini inda lambobin suka saɓa wa abin da suke gani a bakin aiki.