Ziyarata zuwa ƙauyen Shasle da maƙabartar sojojin Afirka

Da hantsi muka bar birnin Liyon muka nufi arewa, kuma ba mu yi tafiyar kilomita 20 ba sai ga mu a Shasle, wanda Faransawa ke rubutawa Chasselay. Ƙauyen yana gindin tsaunukan Mont d'Or, inda tudu ke gangarowa ya haɗu da fili mai albarka, ba da nisa da kogin Saône ba. Mazaunansa ba su wuce 3,000 ba. An san su da noman wani ɗan itace mai ruwa da zaƙi da suke kira poire, ɗan'uwan tuffa, kuma mun ratsa lambunansa jere a gefen hanya. A tsakiyar gari har yanzu akwai ragowar ganuwa da tsofaffin gidajen dutse.

Abin da ya kai ni yana bayan gari, a wani wuri da ake kira Vide-Sac. Tun daga nesa na hangi jar katanga mai zanko, wadda in ba don sanyin da ke kaɗawa ba, da na rantse a ƙasar Mali nake. Wannan ita ce Tata, maƙabartar da aka binne sojoji baƙar fata 188 da Faransa ta ɗebo daga ƙasashen Afirka ta Yamma da ta mallaka. A ranakun 19 da 20 ga Yuni 1940 suka tare rundunar Jamus da ke gangarowa Liyon, suka yi ta fafatawa har harsashi ya ƙare musu. Da wani rukuni daga cikinsu suka miƙa wuya, Jamusawa suka ware su daga Turawan da ke tare da su, suka kai su wannan fili, suka buɗe musu wuta da tankokin yaƙi. Kwana biyu kacal bayan haka Faransa ta sa hannu a kan yarjejeniyar tsagaita wuta.

Wani jami'i mai suna Jean Marchiani ne ya sayi filin ya tattara gawawwakin waɗanda aka kashe a nan da sauran wurare na yankin, aka buɗe maƙabartar a Nuwamba 1942. Na bi layukan kaburburan a hankali ina karanta sunaye, da yawa na Musulmi ne, wasu kuma an rubuta cewa ba a san mai kabarin ba. Na yi musu addu'a, daga can cikin lambu kuma ina jin ƙarar tarakta.