Guntun tishu a ƙarƙashin ƙofa

Mu da muka tashi a Kaduna, ƙura 'yar gida ce. Da hunturu ka goge tebur da safe, kafin azahar kana iya rubuta sunanka a kai da yatsa. A wurin gini kuwa, in ta yi yawa sai lebura ya ɗaure hanci da tsumma, da an tashi ya sayi madarar gwangwani ya kwankwaɗa wai ta wanke masa ƙirji. Da wannan tunanin na shiga aikin gyaran wani sashe na wani asibiti a cikin garin nan, ina mai kula da ma'aikata.

Aikin ba shi da girma: a sauke tsohon silin, a fasa bango ɗaya, a sake tayil da wayarin. Sai dai baranda ɗaya muke bi da ɗakin da ake kwantar da masu ciwon daji da ke karɓar magani. Tun guduma ba ta taɓa bango ba, shugabar ma'aikatan jinya ta sashen, wata dattijuwa da kowa ke kira Mama, ta tare ni.

"Injiniya, ƙurarku ina za ta?"

Na ce, "Mama, kar ki damu, ai mun zo da inji."

Ina ji da injin nan kuwa. Akwati ne mai taya, da fanka a ciki, da matatar iska irin wadda ake kira HEPA, wadda ke kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyin ƙura masu girman maikiron 0.3. Silin gashin kai ɗaya ma yakan kai kusan maikiron 70, ka ga ashe ba ƙaramar rariya ba ce. Na sa aka ajiye shi tsakiyar ɗaki, aka rataya leda a ƙofa, aka buɗe tagogi don yara su sha iska, muka kama aiki.

Washegari Mama ta dawo. Ba ta ko kalli injin ba. Ta yagi guntun tishu, ta durƙusa ta riƙe shi a ƙarƙashin ƙofarmu, sai ga shi yana kaɗawa zuwa baranda, wajen majinyatanta. Iskar hunturu na shigowa ta tagogin da muka buɗe, tana kwasar abin da muka tayar, tana tura shi ta ƙasan ƙofa, injina kuma na can tsakiyar ɗaki yana ta gurnani yana tace 'yar iskar da ke gabansa. Na rasa bakin magana.

A nan ta fahimtar da ni abin da ke hana ta barci. Ba garin siminti ba ne kawai. Cikin tsohon silin da damina ta sha jiƙawa akwai fumfuna, musamman wani naman gwari da likitoci ke kira Aspergillus. Ƙwayoyinsa maikiron 2 zuwa 3 ne, suna daɗewa suna yawo a iska, kuma suna zarcewa har ƙarshen huhu. Ni da kai muna shaƙarsu kullum, garkuwar jikinmu ta gama da su ba mu ma sani ba. Wanda maganin ciwon daji ya karya masa garkuwa, abin kan tsiro masa a huhu, kuma da yawa ba sa tashi. Ta ce, "Ɗana, mutum ya sayar da gona ya zo neman lafiya, kar silinku ya ƙarasa shi."

Ranar muka tsayar da aiki. Muka rufe tagogi, muka toshe duk wata kafa ta na'urar sanyaya ɗaki, muka kafa katanga ta katako da leda mai kauri tun daga ƙasa har can saman ɗakin, aka bi kowane gefe da salatif. Na je Panteka aka yanko mini faranti daidai bakin taga ɗaya, da huda a tsakiya, muka jona bututu daga bayan injin zuwa waje, nesa da tagogin majinyata. Hikimar ke nan gaba ɗaya: in kana fitar da iska daga ɗaki fiye da yadda take shiga, ɗakin ya zama mai zuƙa, duk wata 'yar kafa da ta rage iskar baranda ce za ta shigo ta nan, ƙura ba ta da hanyar fita. Bambancin matsin da ake nema ɗan kaɗan ne, a ɗakunan killace masu cuta ma faskal 2.5 (ma'aunin matsin iska) ne mafi ƙaranci, amma ido na ganinsa: ledar sai ta lotsa ciki kamar cikin mai azumi. Mama ta sake zuwa da tishunta, wannan karon ƙofa ta zuƙe shi.

Lissafi ma ya kunyata ni. Ɗakin mita 10 ne a tsawo, 6 a faɗi, 3 a tsayi, wato kubik mita 180 na iska. Injin yana jan kusan 850 a awa, ka ga ko sau biyar bai juya iskar ɗakin ba. Asibitin kuwa sau 12 a awa suka nema, irin adadin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta sa wa sababbin ɗakunan killacewa a ƙa'idojinta na 2003. A teburin hukumar, da sau 12 minti 23 ya isa a kwashe kashi 99 na abin da ke iska, da sau 6 kuwa sai minti 46. Dole muka ƙaro inji biyu, ɗan kwangila yana ta ƙunƙuni.

Sauran duk fama da mutane ne da wuta. Da an ɗauke wuta ledar ta saki, don haka muka ja wa injinan layi daga janareta, kuma na kafa doka: inji ya tsaya, guduma ta tsaya. Matatar gaba, mai araha, ita ke tare manyan ƙura don ta ciki mai tsada ta daɗe; ranar fasa bango kafin la'asar ta toshe, kuma ba a kakkaɓe ta a mayar, a leda ake ƙulle ta a fitar. Tsintsiya na hana ta shiga ɗakin kwata-kwata, sai mofa da ruwa. Baron ɓaraguzai sai an yayyafa masa ruwa an lulluɓe shi kafin ya fita, kuma a bakin ƙofa akwai jiƙaƙƙen buhu na goge takalmi. Yanka tayil da garanda ma da ruwa muke yi, wannan kam don huhun ma'aikatan ne, domin garin yashi da kankare na jawo ciwon huhun da ba ya warkewa, madara kuma ciki take zuwa, ba ta san hanyar huhu ba.

Wanda ya fi ba ni wahala shi ne babban birkilanmu, dattijo ne da ya haife ni a sana'ar. Ɗaki a rufe akwai zafi, da na juya baya sai ya zame taga. Na yi magana sau biyu, ya ce, "Yaro, shekara talatin ina shan ƙura, ga ni nan da raina." Faɗa da shi ba nawa ba ne. Na roƙi Mama, ta kai shi bakin ɗakin majinyata ya leƙa ta gilashi. Akwai wata yarinya a gadon farko, ba ta fi shekara tara ba, kanta ba gashi ko ɗaya, tana wasa da robar ruwa.

Bai ce komai ba da ya dawo. Da safe na same shi durƙushe a bakin ƙofa da guntun tishu a hannu, yana yi wa wani lebura faɗa don ya bar salatif ya ɓanɓare a kusurwa.