Amyoyin da Malam ya bari

Malam ya fara koyarwa tun kafin shirin ilimin firamare kyauta na 1976, wanda ya cika azuzuwa da yara har malamai suka yi ƙaranci, kuma bai bar allo ba sai da ya cika shekara 35 da dokar aiki ta ƙayyade a wancan zamani. Ina cikin waɗanda ya koya wa lissafi a ƙauyenmu na ƙasar Zazzau, amma shaƙuwarmu ta yi ƙarfi ne bayan ya ajiye aiki ya rungumi kiwon zuma. Da Allah ya yi masa rasuwa, Allah ya jiƙansa da rahama, iyalinsa suka damƙa mini amyoyinsa da wani tsohon littafi, suka ce in ci gaba da kula da su, abin da aka samu ya zama sadaka a gare shi.

Littafin nan shi ya fi komai amfanar da ni. Malam ya ja masa layuka kamar rajistar aji, ya ba kowace amya lamba, yana rubuta ranar da ƙudan zuma suka shiga, da ranar da ya duba su, da itacen da ke fure a makon. Daga nan na gane cewa shekarar mai kiwon zuma tana farawa ne lokacin da ta manomi ke ƙarewa, domin da ɗaukewar ruwa gawo ke fitar da ganye da fure, sannan kaɗanya da mangwaro su biyo baya, ɗorawa kuma ta fitar da tutu, sai a ɗebi zuma da bazara kafin ruwa ya sauka. Wanda bai san itatuwan da ke kewaye da shi ba, zai yi ta buɗe amya a lokacin da babu komai a cikinta sai ƙwai da 'ya'ya.

Abin da Malam ya fi ƙi shi ne ɗiban zuma da wuta. Yadda muka taso muka gani, akan rataye amyar ciyawa da aka shafe da kashin shanu a kan itace, idan dare ya yi a hau da bakin wuta a ƙone ƙudan, a matse saƙar gaba ɗaya har da tsutsotsin da ke ciki. Bai raina amyar gargajiya ba, har ya rasu yana da ita, amma ya sa kafinta ya yi masa akwatuna irin waɗanda aka fara yaɗawa daga ƙasar Kenya, masu sanduna jere a sama, kowane sanda faɗinsa milimita 32, yadda ƙudan za su gina saƙa ɗaya a jikin sanda ɗaya. Da haka mutum zai ɗaga saƙa ya duba ya mayar ba tare da ya ɓata komai ba. Ƙa'idarsa, wadda nake bi har yau, ita ce a ɗauki saƙar da ƙudan suka rufe bakinta da kaki kawai, domin wadda ba a rufe ba ruwanta yana da yawa, kuma zumar da ruwanta ya haura kashi 20 cikin ɗari takan yi tsami a cikin kwalba. Saƙar da ke ɗauke da 'ya'ya ba a taɓa ta, kuma dole a bar musu abin da zai kai su damina, in ba haka ba su yi ƙaura su bar akwatin fayau.

Sauran aikin na yau da kullum ne: hayaƙi mai sanyi na busasshen kashin shanu ko totuwar masara, zuwa da yamma lis saboda ƙudanmu masu zafi ne, baƙin mai a ƙafafun mazaunin akwati saboda tururuwa, da kaskon ruwa da aka zuba wa tsakuwa don kada su nutse. Idan aka yi sakaci da kaskon nan da rani, rijiyar unguwa za su nufa, daga nan kuma sai rigima da maƙwabta.

Wurin da na san ba zan cike gurbinsa da sauƙi ba shi ne hulɗa da jama'a. Feshin maganin ƙwari a gonakin wake, idan aka yi shi da hantsi lokacin da ƙudan ke kan fure, yana kashe su da yawa, don haka Malam yakan bi manoma gida gida yana roƙonsu su jinkirta feshi zuwa faɗuwar rana. Suna jin maganarsa domin kusan kowannensu ya zauna a ajinsa ko ya kai masa ɗansa, kuma babu gidan da aka yi rashin lafiya bai aika da zuma kyauta ba, yana tuna wa mutane ayar Suratun Nahli da ta ce akwai waraka a cikinta. Ni sai da na soma kai zumar gidajen da ya saba kai wa kafin maganata ta sami shiga.

Abin da ke damuna yanzu shi ne masu yin gawayi, waɗanda suka fi son kaɗanya saboda ƙarfin itacenta. Na kai maganar gaban mai unguwa, ya amince a hana sare waɗanda ke kusa da amyoyin, mu kuma tsofaffin ɗaliban Malam muna renon dashen ɗorawa a bayan makarantar da ya koyar, wanda za mu dasa idan damina ta kankama.