Ranar da uwar na'urorin gidana ta tsaya

A watan Afrilun bara ina Ngawundare kan wata hidima, sai maiɗakina ta kira ni bayan la'asar, ta ce: "Maigida, tanki ya ƙafe, kuma na rasa inda zan taɓa injin ya tashi." Duk wanda ya san zafin Garwa, inda gidana yake, a wannan wata, lokacin da yakan haura digiri 40, ya san nauyin wannan magana. Ni ne na cire makunnin bango na injin jan ruwa, na haɗa shi da ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa fitilu da fankoki, wadda nake kira uwar na'urori. Da uwar ta tsaya, sai aka wayi gari ga ruwa a rijiya, ga wuta ta dawo, amma yara suna ɗebo ruwa a maƙwabta.

Da na dawo na bincika, na tarar an ɗauke wuta ne daidai lokacin da kwamfutar ke rubutu a kan katin ajiyarta, katin ya lalace. Wannan ba baƙon abu ba ne a nan, domin arewacin Kamaru ya daɗe yana dogara da madatsar ruwa ta Lagdo da ke kan kogin Binuwai, mai ƙarfin megawat 72, kuma idan ruwa ya ja baya da rani, wutar takan yi ƙaranci.

Sayen sabon kati bai ɗauke ni awa guda ba. Abin da ya ci mini kwana biyu shi ne sake haɗa na'urorin. Ƙwayayen fitila da makunnai masu aiki da Zigbee, wani tsarin sadarwa mara waya, suna magana da uwarsu ne da wani mabuɗin sirri, kuma idan aka rasa mabuɗin, dole a bi su ɗaya bayan ɗaya a sake gabatar da su. Haka na yi ta hawa tsani ina kwance murfin makunnai, har da na ɗakin Hajiya, wadda ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, da can hannu bai ishe mu ba?"

Tambayarta ce ta zama ma'aunina. Kafin komai na kira mai gyaran wuta ya mayar da makunnin hannu a kan injin ruwa da kowace fitila, ta yadda ko uwar ta mutu gidan zai ci gaba da aiki. Daga nan na saka mata ƙaramin batir na ko-ta-kwana, na kuma ɗauke ta daga kusa da taga saboda rana da ƙurar hunturu.

Batun kwafin ajiya ne na fi ba muhimmanci. Manhajar Home Assistant, wadda uwar na'urorin ke aiki da ita, tun daga farkon 2025, tana iya ɗaukar kwafi da kanta a kan kari, amma takan kulle shi da mabuɗi, kuma kwafin da ke zaune cikin kwamfutar da ta lalace ba shi da amfani ga kowa. Saboda haka nake ajiye ɗaya a filashin USB, ɗaya a wayata, mabuɗin kuma na rubuta shi a takarda. Ban yarda da kwafin ba sai da na zuba shi a wani kati dabam, na ga fitilu sun amsa.

Na kuma daina sayen duk na'urar da ba ta motsi sai da intanet. A watan Afrilun 2022 kamfanin Insteon na Amurka, mai ƙera irin waɗannan na'urorin gida, ya kashe manyan kwamfutocinsa ba tare da sanarwa ba, manhajar wayar masu amfani da shi ta daina aiki, kamar yadda ya faru da masu Revolv, wata uwar na'urorin gida, a 2016. Mu da intanet kan yanke mana ko da kamfani yana raye, bai kamata mu jingina ruwan shanmu da shi ba.

Yanzu katin da ke ɗauke da kwafin yana cikin ambulan a durowar falo, tare da takardar da na rubuta matakan da Hausa. A watan jiya na zare wayar uwar da gangan, na koma gefe, maiɗakina ta tayar da injin da hannu, sannan babban ɗanmu ya bi takardar ya mayar da komai kafin a kira magariba.