Godiya bayan rufe baje kolin zane-zanena a Birnin Kebbi

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, jiya da la'asar muka sauke zane na ƙarshe daga bango muka mayar wa masu ɗakin taron makullinsu, kuma daren jiya ne karo na farko cikin makonni da na yi barci ban zabura ina sauraron ko hadari ya taso ba. Ba zan maimaita labarin iskar da ta yaye kwanon ɗakin aikina ana saura kwana 10 a buɗe baje kolin ba, domin mafi yawanku kun ga hotunan, wasunku ma da hannunsu suka kwashe ruwan.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne irin tsoron da ya kama ni a daren. Ina tsaye ruwa ya kai mini idon sawu, na haska tocila na ga tawada tana gangarowa baƙi ƙirin daga jikin zanen zuwa ƙasa, sai maƙwabcina da ya fara shigowa ya tambaye ni murya na rawa: "Akwai aya a ciki?" Gabana ya faɗi, duk da na san amsar. Tun da na fara wannan sana'a na ɗaukar wa kaina alkawarin ba zan rubuta ayar Alƙur'ani a kan aikin da za a saya ba, saboda ban san bangon da za a rataya shi ba, ban kuma san hannun da zai taɓa shi ba. Abin da nake ɗauka daga allo shi ne siffarsa, da lanƙwasar baƙaƙe, da zayyanar da ake yi wa allon sauka, sai tawadar kanta wadda nake haɗawa da gawayi da ƙaro kamar yadda muka koya muna yara. Irin wannan tawada ba ta jure ruwa, kuma da sanina na zaɓe ta.

Da gari ya waye malamina na makarantar allo ya zo yana dogara sanda, ba tare da kowa ya aika masa ba. Ya daɗe a gaban babban zanen da na fi wata uku ina yi, wato siffar allo mai zayyana a gefe, a tsakiyarsa gora da homa irin na masuntan Argungu. Ruwa ya cinye rabinsa na ƙasa, homar ta koma zirin-zirin toka-toka kamar an tsamo ta daga kogin Matan Fada na Argungu. Ya ga idanuna sun kawo ruwa, sai ya dafa kafaɗata ya ce: "Ɗana, allo ai don a wanke shi anka yi shi. Wanda bai wanke ba bai ƙara karatu." Bai ƙara komai ba, ya yi addu'a ya tafi. Maganar nan ce ta sa na rataya zanen yadda ruwa ya bar shi, kuma a gabansa mutane suka fi tsayuwa. Malam, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa ka gama da duniya lafiya.

A makaranta an koya mana labarin ɗaliban zane na Zariya da suka kafa ƙungiyarsu a 1958, irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, waɗanda suka dage cewa mai zane ya koma ga alamomin gidansu ya haɗa su da fasahar zamani. Na kuma daɗe ina nazarin Ibrahim El-Salahi na Sudan, ɗan malamin Alƙur'ani wanda ya warware baƙaƙen Larabci ya fitar da siffofi daga cikinsu, har gidan baje kolin zane na Tate Modern da ke Landan ya baje ayyukansa a 2013. Amma gaskiya na fi samun abin yi a Gidan Tarihin Kanta da ke Argungu, tsohuwar fadar da aka mayar gidan tarihi a 1958, da kuma a wuyan rigar kakana mai aska takwas. Wasu sun ga dagi da murabba'ai a aikina sun ce hatimi ne, kuma na ji zafin maganar. Ni idan na zauna jan zaren dagi, wanda yake shiga ta ƙarƙashi ya fito ta sama har ya koma inda ya faro, bakina istigfari yake yi, hankalina ya kwanta, ban taɓa nufin wani asiri da shi ba.

Na san mutanenmu ba sa son a faɗi alherinsu a bainar jama'a, amma ku yi mini haƙuri. Inna, wadda ta sayar da tunkiyarta ta ɗaure kuɗin a bakin zane ta ce kada in gaya wa kowa, ga shi na faɗa. Yayata da ta shanya takarduna ɗaya bayan ɗaya a tsakar gidanta tana korar kaji. Kafintan unguwarmu da ya sake haɗa katako cikin dare biyu ya ƙi karɓar ladan aiki. Ɗalibaina da suka kwana ɗaukar kaya, da uwargidana wadda ta ga abin da ba wanda ya gani ta rufa mini asiri. Akwai 'yan'uwa na jini da na yi ta duban ƙofa ina sa ran shigowarsu har ranar rufewa. Na ba su uzuri, Allah ya bar zumunci.

Ya Allah, wanda ya taimake ni da kuɗi ko da ƙarfi ko da addu'a daga nesa, ka saka masa da mafificin alheri, ka rufa masa asiri duniya da lahira, ka jiƙan iyayensa, ka shirya masa zuri'a. Ka kawo mana zaman lafiya a Kebbi da Zamfara da Arewa baki ɗaya, ka ba mu damina mai albarka. Amin.

Masu tambayar babban zanen, ba na sayarwa ba ne, gobe in Allah ya kai mu zan kai shi zauren Malam.