Wanda aka bari cikin duhu

Turawa suna cewa "keep someone in the dark", wato a bar mutum cikin duhu: kowa ya san halin da ake ciki, sai shi da abin ya shafa. A darasin ƙa'idojin bincike, lokacin ina koyon aikin jinya, na fara jin maganar, kuma misalin da malaminmu ya kawo ne ya sa ta zauna mini.

A 1932 hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka ta tara baƙar fata maza 600 a yankin Tuskegee na jihar Alabama, 399 daga cikinsu suna ɗauke da ciwon tunjere. Ba a faɗa musu sunan cutar ba, sai aka ce jininsu ne ya gurɓace. Ana ba su abinci, ana duba su kyauta, har da alkawarin kuɗin jana'iza. Abin da likitocin ke so shi ne su ga yadda cutar ke cin mutum idan ba a yi magani ba. Zuwa 1947 an riga an san allurar fenisilin tana warkar da ita, amma aka hana su. Sai a 1972 jarida ta tona asirin, a 1997 kuma Shugaba Bill Clinton ya nemi gafara.

Mu ma ba baƙi ba ne. Lokacin annobar sanƙarau ta 1996 a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan, kuma iyaye da dama sun ce ba a sanar da su cewa gwaji ake yi da 'ya'yansu ba. Kamfanin ya musanta, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin jihar. Da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, wannan labarin yana cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi.

Wanda nake gani kullum a asibiti bai kai haka girma ba, kuma yawanci tausayi ne ke jawo shi. Likita ya ja miji ko babban ɗa waje, a yi ƙus-ƙus, a dawo a ce wa mara lafiya "da sauƙi". Alhali ita za a yi wa tiyatar, ita za ta dangwala yatsa a takardar da aka rubuta da Turanci. Shi ya sa kafin ta dangwala nakan zauna in karanta mata da Hausa, in ce, "Hajiya, maimaita mini abin da kika fahimta." Wani lokaci dangi sukan ɓata rai, su ce na ɗaga mata hankali.