Abin da na koya tsakanin turken watsa shiri da eriyar gida

Na shafe shekaru ina aikin auna siginar talabijin ta dijital, wato wadda ake watsawa daga dogayen turaku a doron ƙasa ba ta tauraron ɗan'adam ba, kuma rabin aikin nawa shi ne zuwa gidajen da suka kai kuka cewa hoto ya ƙi zama. A farkon shigata, taswirar da ke nuna iyakar inda kowane turke ke kaiwa ita ce madogarata. Idan gida ya faɗa cikin yankin da aka shafa wa launi, sai in ɗauka tun kafin in isa cewa sigina tana nan, masu gidan ne ba su iya saita akwatinsu ba. Sai da na hau rufin gidaje masu yawa kafin na gane cewa ban fahimci abin da taswirar take faɗa ba.

Taswirar ba ƙarya take yi ba, amma alkawarinta yana da sharuɗɗa waɗanda ba a cika gaya wa mai kallo ba. A tsarin da ƙasashen Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suka amince da shi a Janiba a shekarar 2006, ƙarƙashin Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, wanda kuma ya sanya 17 ga Yuni 2015 a matsayin wa'adin barin tsohon tsarin analog a zangon UHF (ɓangaren igiyoyin rediyo da ake watsa talabijin a kai), ana lissafin karɓar shiri a gida ne bisa zaton cewa akwai eriya mai fuskantar turke a waje, a tsayin mita 10 daga ƙasa. Bayan haka, lissafin na ƙiyasi ne: idan aka ce wuri yana samun sigina da kyau, ana nufin kashi 95 cikin 100 na wuraren da ke cikin ɗan ƙaramin yanki za su samu, ba dukkansu ba. Saboda haka tun daga kan takarda an riga an san cewa wasu gidaje a tsakiyar launin ba za su samu ba. Kwamfutar da ta zana taswirar ta san tudu da kwari gwargwado, amma ba ta san benen da aka gina bara ba, ba ta san bishiyar da ke bayan gida ba, balle ta san cewa eriyar gidan tana rataye ne a jikin taga, mita biyu kacal daga ƙasa, a ƙarƙashin rufin ƙarfe.

Gidan da ya fara koya mini wannan yana cikin ɗan kwari ne, a bayan wani dogon gini. Na tarar da magidancin ya sauya dikoda har sau biyu, yana zaton akwatin ne ba shi da kyau. Da na haɗa na'urar awo da ƙaramar eriyarsa ta cikin ɗaki, abin da na gani bai kai na buɗe tasha ko ɗaya ba. Muka ɗaura eriya a kan doguwar sanda muka riƙa ɗagawa a hankali, ina kallon allon na'urar, yaronsa yana riƙe da gindin sandar. Har muka kai saitin rufi babu wani canji na kirki, amma da muka ƙara kamar kamu uku sama, lambobin suka tashi lokaci guda, daga cikin ɗaki muka ji an ɗaga murya ana cewa hoto ya zo. Turken bai ƙara ƙarfi ba, nisan ma bai ragu ba. Eriyar ce kawai ta fita daga inuwar ginin.

Abin da ya fi wahalar bayyana wa mutane shi ne bambancin halin dijital da na analog. A da, idan sigina ta yi rauni hoto yakan yi dishi-dishi, ko mutum ya fito da inuwarsa a gefe, amma ana ci gaba da kallo, kuma mai gida yana ganin lalacewar tana ƙaruwa sannu a hankali har ya nemi gyara. Dijital tana ɗauke da dabarun gyara kuskure masu ƙarfi, musamman tsarin DVB-T2 wanda Birtaniya ta fara watsa shiri da shi a ƙarshen 2009, saboda haka dikoda takan ɓoye raunin sigina ta ba da hoto tangaram har zuwa wani mataki. Da an gota wannan matakin da desibel (ma'aunin ƙarfin sigina) ɗaya ko biyu, sai hoto ya daskare, ya farfashe gida-gida, murya ta sarƙe, allo ya yi baƙi. Masu sana'ar suna kwatanta shi da bakin rami: wanda ke tsaye nesa da ramin da wanda yatsunsa ke kan gaɓa duk hoto ɗaya suke gani, bambancinsu ba ya bayyana sai ranar da aka yi ruwa ko iska ta ɗan juya eriya. Tun da na fahimci haka na daina gamsuwa da fitowar hoto, na koma tambayar kaina nawa ne ratar da ta rage kafin a faɗa.

Daga nan ne kuma na koyi raba ƙarfin sigina da ingancinta, domin dikoda takan nuna layuka biyu, mutane kuwa na ƙarfin kawai suke kallo. Na taɓa zuwa wani gida da ake hango turken da ido daga ƙofarsa, layin ƙarfi ya cika maƙil, amma na inganci yana hawa yana sauka. Maigidan ya ce mini, "Malam, har busta na saya na ƙara, abin sai ma ƙara lalacewa ya yi." Gaskiya ya faɗa, domin bustar, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina, ita ce matsalar. Ita busta ba ta iya tsarkake sigina. Duk abin da ya shigo mata, da shirin da hayaniyar, tare take ƙara musu ƙarfi, kuma idan abin da ya shigo ya riga ya yi yawa sai ta ƙware ta dagula shi. Ƙari a kan haka, talabijin ta kasance tana amfani da zangon UHF daga megahaz (ma'aunin zango) 470 zuwa 862, amma a taron ITU na 2007 aka buɗe wa wayar salula daga 790 zuwa sama, daga baya a tarukan 2012 da 2015 aka ƙara mata daga 694 zuwa 790. Tsohuwar busta da aka ƙera don ta karɓi zangon gaba ɗaya tana nan tana haɗiye siginar turken salula na kusa kamar shirin talabijin ne. A wannan gidan cire bustar kawai muka yi, hoto ya zauna. A wasu gidajen sai an sa ɗan matacin da ke tare zangon salula kafin waya ta shiga busta.

Mafi yawan laifin da na tarar, duk da haka, yana cikin wayar da ke saukowa daga eriya ne, kuma a nan ne nake ganin ana yi wa mutane rashin adalci, domin ana sayar musu da akwati mai kyau a haɗa musu shi da waya marar kyau. Sau da yawa nakan yanke kan waya a sama in tarar ruwa ya shiga, zaren tagullar da ke kewaye da ita ya yi baƙi ko kore, yana marmashewa a hannu. Irin wannan waya tana cinye sigina, kuma cinyewar ta fi tsanani a tashoshin da ke saman zango, shi ya sa gida kan rasa wani rukunin tashoshi alhali sauran suna nan lafiya. Ƙarfen da ake raba waya da shi zuwa ɗaki biyu ma yana rage wa kowane ɓangare fiye da desibel 3, wato fiye da rabin ƙarfin. Haka nan sandunan eriya dole su dace da yadda turke ke watsawa, a kwance ko a tsaye, kuma na sha ganin eriya sabuwa fil an ɗaura ta a juye.

Tambayar da ta fi yi mini amfani ba ta buƙatar na'ura: yaushe hoton yake lalacewa? Idan aka ce sai an yi ruwa, nakan duba waya da bishiyoyi, domin jiƙaƙƙen ganye yana tare sigina sosai. Idan aka ce sai an kunna wani inji ko babur ya wuce, tartsatsin lantarki ne ke shiga ta waya marar kariya. Idan kuwa aka ce da dare ne ko da asuba a ranakun da iska ta kwanta, kuma maƙwabta ma suna fama, to sau da yawa yanayin sararin sama ne ya ɗauko siginar wani turke mai nisan ɗaruruwan kilomita da ke kan zango ɗaya, ta zo ta yi karo da ta kusa. Wannan ba abin da mai gida zai gyara ba ne, kuma bai kamata a bar shi ya kashe kuɗinsa a kai ba. Matan gida da yara, waɗanda suka fi zama gaban talabijin, su ne suka fi ba ni amsa daidai.

Ba na so a ɗauka cewa kullum laifin na gida ne. Akwai unguwannin da tudu ya tare su gaba ɗaya, maganinsu kuwa shi ne ƙaramin turken taimako da zai karɓi shiri ya sake watsa musu. Birtaniya ta kai ga kusan dukkan gidajenta ne da turaku fiye da 1,000, mafi yawansu ƙanana irin waɗannan. Akwai kuma lokacin da ake rage ƙarfin turke don gyara, ko a sauya wa tashoshi zango, ba tare da sanarwar da za ta isa ga jama'a ba, alhali abin da ake buƙata kawai shi ne a sake binciken tashoshi a dikoda. A irin wannan hali nakan rubuta rahoto yadda na auna, ko da ya saɓa wa taswira, in kuma gaya wa masu gida gaskiya idan na ga babu eriyar da za ta fisshe su sai dai su koma tauraron ɗan'adam.

Yanzu kafin in bar kowane gida, bayan hoto ya zauna, nakan saka ɗan ƙarfen da ke rage sigina da desibel 6 a bayan dikoda, in bi rukunin tashoshin ɗaya bayan ɗaya. Idan hoton ya jure, sai in cire ƙarfen, in naɗe mahaɗin waya na sama da abin da zai hana ruwa shiga, in nuna wa masu gidan layin inganci da inda ya kamata ya tsaya. Idan bai jure ba, nakan mayar da tsani jikin bango in sake hawa.